Tseren da Aka Tsayar a Chagny

"Ba ni zuwa," in ji tsohon. "Ki koma ki gaya mishi Ɗanyaro ya ce ba shi zuwa."

Sahadatou tana tsaye a bakin ƙofa da takalmanta a hannu. Ta cire su ne da zaton za a ce ta shigo, ba a kuwa ce ba. Ɗakin ƙarami ne, a hawa na uku na gidan ma'aikata da ke Montreuil, gefen Paris: gado ɗaya, kujerar roba, buta a ƙarƙashin taga, darduma a naɗe bisa akwati. Ta riga ta yi gaisuwa har ta ƙare, ta tambayi kwana da gajiya da mutanen Maraɗi, ya amsa duka da sakin fuska. Sai da ta ambaci sunan Malam Ilya fuskar ta rufe.

"Tonton, likita ta ce da wuya ya wuce gobe. Ya ƙi yarda a yi masa allurar barci, ya ce sai ya gan ku da idonsa. Tun jiya yake cikin ciwo. Ga salulata, bari in kira matarsa Hajiya Safi ta kanga masa a kunne, ku yi magana ko ta minti ɗaya."

Tsohon ya ɗaga tafin hannu kamar mai tsayar da mota.

"A'a. Ta tarho ya cuce ni. Ba ta tarho zan yahe mishi ba."

Malam Ilya maƙwabcinta ne a Villeurbanne, gefen Lyon. Bango ɗaya ya raba ɗakinta da falonsa, bangon kuma ba shi da kauri. Shekarar da ta tare, tana fama da rubutun digirinta a kan tace ruwan sha, kullum bayan la'asar sai ta ji ƙugin motoci da kukan jiniya da ƙarar ƙarfe yana karo da ƙarfe, a bisa duka kuma dariyar wani tsoho. Rannan ta gaji, ta je ta ƙwanƙwasa da niyyar yin ƙorafi da Faransanci. Wanda ya buɗe ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Wannan ai ƴar Damagaram ce, ƴar garinmu. Shigo maza ki ga yadda ƴan sanda ke faɗawa cikin tafki." Ta shiga. Matarsa Hajiya Safi ta zubo mata shinkafa da wake. Ƙorafin bai taɓa fitowa ba.

Finafinan ban dariya ne yake kallo, na tseren motoci, irin na da, waɗanda a ciki direbobi marasa jin magana ke keta ƙasa daga wannan bakin teku zuwa wancan ba da izinin kowa ba, ƴan sanda na bin su suna kifewa ɗaya bayan ɗaya. Yana da su cike da kwali biyu. Shi kuma ba kallo kawai yake yi ba, gyara yake yi. "Ƙarya ne," zai ce yana nuna talabijin da cokali. "Motar da ta yi wannan tsalle ba ta sake tafiya. Ni na san abin da ke ƙarƙashinta." Shekara talatin ya yi yana kanikanci. Shi ya koya mata tuƙi a filin ajiye motoci na wani kanti, ranakun Lahadi, har ta samu permi, wato lasisin tuƙi, a gwaji na uku.

Labarin tserensa kuwa ta ji shi ya fi sau ashirin. A 1982 ne, lokacin suna samari masu kwasar tsofaffin motoci daga Paris zuwa tashar jiragen ruwa ta Marseille, daga can a haye da su a keta sahara har Agadas. Su bakwai suka shiga sinima suka kalli irin wannan fim, suna fitowa suka ce su ma sai sun yi nasu: daga ƙofar Montreuil zuwa gaban tashar jirgin ƙasa ta Perrache a Lyon, ta tsohuwar hanya, ba tsayawa sai shan mai. Ilya ya zo na ɗaya. Kullum a nan labarin ke ƙarewa, da tafi da dariya.

Sauran sai yau da safe ta ji shi. Ta zo Stains, kusa da Paris, sunan ɗan wata ƙawarta, sai Hajiya Safi ta kira ta da muryar wadda ba ta runtsa ba. Ashe Ɗanyaro ne a gaba a ranar. Ilya ya tsaya a bakin hanya, ya sami tarho, ya kira jandarma ya ba su launin motar da lambarta. Aka tare Ɗanyaro, aka karɓe permi, aikin kai motoci ya kuɓuce masa. Bai sake riƙe sitiyari ba. Sharar tashoshin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya yi har ya tsufa. "Ki taimaka ki zo da shi, ƴata," in ji Hajiya. "Malam ya ce ba ya son ya tafi da haƙƙin mutumin nan a wuyansa."

Yanzu ga ta a bakin ƙofa. Ba mai yawan roƙo ba ce. Ta sunkuya ta sa takalmanta.

"To, Tonton. Allah ya huci zuciyarku. Ni zan kama hanya, don yau Asabar ɗin farko ce ta Agusta, duk Faransa ta nufi kudu hutu. Jirgin ƙasa babu wuri ko ɗaya. Salula ta ce awa takwas zan yi."

"Awa mi?"

"Takwas."

"Paris zuwa Lyon? Da ƙahwa za ki tahi?"

Ta nuna masa taswirar. Ya ɗauko tabarau ya sa, ya dubi jan layin cunkoson motoci da ya miƙe tun daga Auxerre, ya yi tsaki mai tsawo.

"Wa ya koya miki tuƙi?"

"Malam Ilya."

"Shi ya sa." Sannan ya miƙa hannu ya ɗauko hularsa daga kan ƙusa. "Ki ji da kyau, ɗiyata. Ba don shi za ni ba. Tambaya guda gare ni da nike son in yi mishi, shekara arba'in da uku tana ci na. Kuma ni ban ida tseren nan ba. A Chagny anka tsai da ni."

Ƙarfe goma da ƴan mintuna suka tashi. Kafin ya shiga sai da ya zagaya ƙaramar motarta, ya taɓa kowace taya da ƙafa, ya sa ta buɗe gaba ya duba mai. Ya zauna, ya ɗaura bel, ya yi addu'ar tafiya, ya dubi agogon hannunsa ya ce, "Allez."

Awa biyun farko ba su yi daɗi ba. Motoci ne jere kamar tururuwa, kowace da kekuna a bayanta da yara a manne da gilashi. Inda hanya ta ɗan buɗe kuma, Sahadatou ba ta wuce abin da ta saba.

"Ɗiyata, motar ga tana da bitas na biyar, giyar gudu, ko an cire?"

"Tonton, iyaka ɗari da talatin ce."

"Ke kuma kina ɗari da goma. Ashirin ɗin sadaka kinka yi da su?"

Ta yi murmushi. Shekara huɗu da samun permi, ko sau ɗaya ba a taɓa kama ta da laifi ba, kuma tana alfahari da haka a ranta.

Bayan Auxerre komai ya tsaya cik. Allunan sama suka rubuta cewa an yi hatsari a gaba, an rufe layi biyu. Mutane suka fara fitowa suna miƙa a tsakiyar titi. Da ƙyar suka ja jiki zuwa mafitar Avallon, nan ma jerin motoci ne, don muryar matar da ke cikin salular kowa abu ɗaya take faɗa wa kowa: a bi hagu.

"Kashe matar nan," in ji Ɗanyaro.

"Tonton, ita ce ta san hanya."

"Ita ta tara su nan duka kamar awaki a bakin rijiya. Kashe ta. Bi dama."

Ta hannun dama wata ƴar siririyar hanya ce da ta shige tsakanin shinge biyu, ko fenti babu a kanta. Sahadatou ta dubi salular, ta dubi tsohon. Ta tuna Malam Ilya kwance yana jira ba allura. Ta kashe muryar ta karya sitiyari.

Daga nan Ɗanyaro ya zama wani mutum. Ya gyara zama, ya sauke gilashi, ya fara ba da umarni a gajarce, hannunsa na yanka iska. Hagu bayan gadar dutse. Miƙe har sai kin ga maƙabarta. Kar ki shiga garin, zagaya ta bayan coci. A hanya yake gaya mata yadda suke yi a da, lokacin da rabin motocin da suke kaiwa takardunsu ba su cika ba, dole su san kowace ɓarauniyar hanya da jandarma ba su tsayawa.

"Mu ba mu riƙe hanya da shago ko gidan mai. Waɗannan yau suna nan, gobe babu. Abu uku muke riƙewa: gulbi, hasumiyar coci, da maƙabarta. Nasara ba shi taɓa su."

Abin da bai sani ba shi ne shataletale. A shekarun da ya yi ba ya tuƙi an zuba su ko'ina. Suka iso wani mai baki biyar a tsakiyar gonaki, ya daka mata tsawa kar ta fita.

"Wa ya kawo wannan nan? Da mararraba ce! Zagaya, zagaya, in ga hasumiya."

Ta zagaya. Bai gani ba. Ta sake zagayawa. Wani manomi a kan tarakta ya tsaya yana kallonsu, baki buɗe. A zagaye na uku Ɗanyaro ya ɗaga masa hannu kamar sun saba, a na huɗu ya yi ihu, "Ga ta can! Bayan itatuwa!" Sahadatou ta fita tana dariyar da ta sa hawaye ya cika mata ido, ta ce a ranta da Malam Ilya ya ga wannan da ya ce a mayar baya ya sake gani.

Suka faɗa tsohuwar hanya a Saulieu, ba kowa a kanta sai su. A nan ta lura da wani abu. Duk garin da suka shiga, tsohon sai ya riƙa leƙa dandali da gaban gidan waya da gefen kowane tsohon gidan mai.

"Me kuke nema, Tonton?"

"Ɗakunan tarho. Duk sun cire su." Ya numfasa. "Jandarman da ya tsai da ni ya ce, wani ɗan'uwanka ya kira mu, muryarshi irin taka. Tun ranar na san ko wane ne. Abin da ban sani ba, daga ina ya buga. Nakan kwanta in bi hanyar ga a kaina, gari gari, in ce nan ne, in ce a'a can ne. Kin ga haukar tsufa ko?"

"Ba hauka ba ce," in ji ta.

Salula ta yi ƙara. Hajiya Safi ce. Sahadatou ta buɗe muryar don hannayenta na kan sitiyari.

"Kuna ina? Yana ta tambaya."

"Mun wuce Saulieu, Hajiya. Muna tare da shi."

Aka ji motsi, aka ji wata murya can ƙasa, siririya, wadda da ƙyar Sahadatou ta gane ta maƙwabcinta ce. Hajiya ta dawo. "Wai in gaya muku ku yi hankali da kwanar gangaren La Rochepot."

Ɗanyaro ya kau da kai daga salular, ya dubi Sahadatou, ya ɗaga murya yadda za a ji shi har Lyon ko ba waya.

"Ɗiyata, ki gaya ma Hajiya ta gaya mishi, na san kwanar nan tun bai iya canza taya ba."

Can ƙasa aka ji wani abu kamar tari. Hajiya ta ce, "Ikon Allah. Dariya yake yi."

Suka sauka gangaren lafiya. Suna dab da Chagny, a wani miƙaƙƙen wuri mai itatuwa dama da hagu, Sahadatou ta ga shuɗiyar wuta a madubi. Babura biyu ne na jandarma, suna tahowa da gudu. Ta dubi allon gudu, tana cikin ƙa'ida. Ta juya za ta faɗa wa tsohon haka, sai ta ga ya sandare. Hannayensa biyu na kan gwiwa. Leɓɓansa na motsi ba sauti.

"Nan ne," ya ce. "Daidai nan ne."

Jiniya ta cika motar. Ta rage gudu ta matsa gefe. Babur na farko ya zo daidai tagarta, mai shi bai ko dube su ba, ya wuce. Na biyu ya bi shi. Cikin ɗan lokaci sun zama ɗigo biyu a ƙarshen hanya.

Ɗanyaro ya bi su da kallo. Sannan ya cire hula, ya share gumi, ya mayar. Allon garin ya zo ya wuce, sannan wanda aka ja wa jan layi, mai nuna an fita gari.

"Mun wuce Chagny," ya ce a hankali. Ya sake faɗa da ƙarfi, yana dukan gaban motar da tafin hannu. "Mun wuce Chagny, ɗiyata! Taka mata!"

A Tournus ya sa ta haye kogin Saône, ya ce duk mai hankali ta wancan gefen yake shiga Lyon. Suka tsaya a bakin ruwa suka haɗa azahar da la'asar, raka'a biyu biyu, shi a kan ciyawa, ita a bayan mota. Daga nesa suna hango babbar hanya, motoci a tsaye suna walƙiya cikin rana kamar an shanya kwanoni.

Kiran Hajiya na biyu ba dariya a cikinsa. Ta ce ciwon ya taso sosai, yana damƙe zanen gado. Alice, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa gida, ta iso da allurar, ta ce ba za ta iya ci gaba da kallonsa haka ba. Shi kuma ya kafe. In an yi masa ba zai sake farkawa da hankalin magana ba, ya san haka.

"Ki ce masa saura kaɗan, Hajiya. Ki ce masa muna tafe."

Ta ajiye wayar. Ba wanda ya ce mata komai, ƙafarta ce ta sauka da kanta. Gonakin masara suka fara gudu ta gefe. Ɗanyaro bai tsokane ta ba wannan karon, sai dai ya riƙa faɗa mata kwana kafin ta zo, da murya a kwance: mai laushi ce, kar ki taka birki, wannan mai kaifi ce, rage, yanzu saki. Ta ji motar ta zauna a hannunta yadda ba ta taɓa ji ba.

A wajen wani ƙauye wani farin haske ya wulga daga wani akwatin kama masu gudu da ke bakin hanya.

"Innalillahi," in ji Sahadatou. "Radar."

"An ɗauke mu hoto?" Tsohon ya juyo gaba ɗaya, fuskarsa kamar an yi masa albishir. "Haba ɗiyata, da kin hwaɗa mini in gyara hula! In takardar ta zo ki aiko mini, bango zan liƙa ta."

Suka shigo ta Trévoux, suka bi bakin kogi, suka hau tudun Caluire suka gangaro. Jar wuta ta tsayar da su a Villeurbanne, taragon T1, jirgin ƙasan cikin gari, ya ratsa a gabansu a natse kamar ba abin da ke faruwa a duniya. Biyar saura kaɗan ta tsaya a ƙofar gidansu, taya ɗaya a kan dakalin masu tafiya da ƙafa. Ɗanyaro ya dubi agogo kafin ya kwance bel.

Hawa biyu ne. Ya hau su yana dafa bango, bai yarda ta riƙe shi ba. Hajiya Safi ta buɗe ƙofa, ta durƙusa za ta fara gaisuwa, ya ce, "Hajiya, gaisuwa ta jira. Ina shi?"

An fito da gadon falo, kusa da taga. Malam Ilya ya ƙanƙance har Sahadatou ta ji kamar kwana biyun da ta yi ba ta nan wata biyu ne. Alice na tsaye a gefe da ƙaramin faranti a hannu. Ɗanyaro ya tsaya a ƙafar gadon. Tsofaffin biyu suka dubi juna. Ba wanda ya yi sallama.

"Awa nawa?" in ji Ilya.

"Shida da minti arba'in."

"Ni biyar da ashirin na yi."

"Kai ba ranar Asabar ta Agusta ka yi ba. Kuma ba ka tsaya salla ba, kahiri."

Ilya ya fara dariya, ciwo ya katse ta. Ya runtse ido har ya lafa. Da ya buɗe, ya miƙo hannu. Ɗanyaro bai karɓa ba. Ya jawo kujera ya zauna dab da kansa.

"Hwaɗa mini da bakinka."

"Ni ne, Ɗanyaro. Ni na kira su."

"Daga ina?"

"Arnay-le-Duc. Gidan man da ke hannun dama, in ka fito gari. Na ga ƙurarka ta ɓace, na san ba zan kamo ka ba. Mai gidan man yana zuba mini, na ga tarho a jikin bango."

"Arnay," in ji Ɗanyaro. Ya jinjina kai. "Ban taɓa kawo Arnay ba. Kullum Saulieu nike zargi." "Mi ka ce musu?"

Ilya ya faɗa da Faransanci, kalma kalma, yadda ya faɗa a ranar: farar mota, lamba kaza, mahaukacin direba, zai kashe mutane. Har lambar bai manta ba. Alice ta dubi Sahadatou, Sahadatou ta girgiza mata kai alamar ta bari.

"Na zaci tara kawai za su ci ka, mu yi dariya a Marseille," in ji Ilya. "Da na ji sun karɓe permi, kunya ta hana ni zuwa. Shekara ta bi shekara. Na ci maka sana'a, na ci maka ƙuruciya. Ka yafe mini don Allah, ba don halina ba."

Ana jin ƙarar taragon da ke wucewa a titi. Ɗanyaro ya dubi hannun da ke kwance a kan zane, sannan ya ɗauke shi ya riƙe da nasa biyu.

"Wa ya hi iya tuƙi?"

"Kai."

"Ƙara hwaɗa, Hajiya ba ta ji ba."

"Kai ne, ɗan banza. Kowa ya sani."

"To. Na yahe maka, Ilya. Duniya da lahira, na yahe maka. Allah shi ne shaida, ga Hajiya, ga ɗiyar ga da ka koya ma tuƙin kunkuru." "Ni ma ka yahe mini. Shekara arba'in da uku ina roƙon Allah tayarka ta hwashe."

"Ta fashe," in ji Ilya. "Sau da yawa."

Hajiya Safi ta saki wata ƴar guɗa, gajeriya, ta toshe bakinta da gyale tana kuka tana dariya. Sahadatou ta samu kanta zaune a ƙasa. Malam Ilya ya juyo da kai ya neme ta da ido.

"Ƴata, kin kawo shi."

"Shi ya kawo ni, Baba. Har radar ya kama mu."

"Ke?" Idonsa ya yi haske. "Alhamdu lillahi. Yanzu kin zama direba." Ya dubi Alice ya ce mata da Faransanci, "Madame, bisimilla. Na gama."

Kafin allurar ta ɗauke shi ya ce a kunna masa ɗaya daga cikin finafinan nan na kwali, a kashe sauti. Suka kalla su biyu, hannu cikin hannu, motoci na bin juna a cikin kasuwa, kankana na tashi sama. Suna cikin gardamar wace mota ce ta fi, maganar Ilya ta fara ja, ta yi ƙasa, ta tsaya. Numfashinsa ya daidaita. Fuskar da ta kwana biyu a ɗaure ta saki.

Bai sake farkawa ba. Washegari da hantsi ya cika, Hajiya na riƙe da kansa, Ɗanyaro na maimaita masa kalmar shahada a kunne. Ɗanyaro ne ya yi masa wanka tare da liman. Ranar Laraba aka kai shi ɓangaren Musulmi na maƙabarta, ɗalibai da ma'aikata ƴan Nijar da ƴan Najeriya suka cika sahu uku. Da wani ya tambayi Ɗanyaro ko shi ɗan'uwan mamacin ne, ya ce, "Abokin tserena ne."

Ranar Alhamis da safe Sahadatou ta leƙo ta taga don ta ga ko tsohon ya shirya, za ta kai shi tashar jirgi. Ta hango shi a ƙasa, gefen motarta. Ya aro bokiti da soso wajen Hajiya, ya naɗe hannun riga. Ƙwarin hanya sun bushe a gilashin gaba, ɗaruruwa, shi kuma yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana jiƙawa, yana kankarewa da farce, ba ya sauri. Ruwan na gangarowa ta kan bonet yana ɗiga a kwalta. Ta bar shi, ta koma ta ɗora shayi.